Babi na Huɗu: Jibo Bakari da Gwamnatin Wata 17

Wa ya fara riƙe gwamnati a Nijar daga cikin ƴaƴan ƙasa? In aka yi wannan tambaya a tashar Tsarnawa ko a kasuwar Ƙonni, amsar da za ta fi yawa ita ce Jori Hamani, kuma masu faɗin haka suna da hujja, don shi ne shugaban ƙasa na farko bayan samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Sai dai kafin Jori an yi wata gwamnati a Yamai, da ministocinta da majalisarta, wadda ƙuri'ar jama'a ta kafa a 1957. Wanda ya ja ragamarta shi ne Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba. Wata 17 ya yi a kan kujera. Shekara 40 da suka rage masa a duniya sun ƙare a gudun hijira da gidan kaso da zaman gefe.

Nan wata tambayar take tasowa: yaya aka yi mutumin da jam'iyyarsa ta ci kujera 41 cikin 60 ya wayi gari ba shi da komai tun ba a cika shekara biyu ba? Amsar tana cikin irin mulkin da aka danƙa masa, da irin mutanen da suka ɗauke shi suka kai shi can, da kuma shawarar da ya yanke a damanar 1958.

Daga Sudure zuwa Tawa

An haifi Jibo a 1922 a Sudure, ƙauyen Zabarmawa da ke gefen kogin Kwara kusa da Yamai. A shekarar ne Faransa ta mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka, hedikwata tana Damagaram, ba ta koma Yamai ba sai 1926. Jori Hamani ma ɗan Sudure ne, ya girmi Jibo da shekara 6, kuma ƴan'uwa ne na jini.

Tun yana yaro wani ɗan'uwan iyayensa mai aiki da Nasara ya tafi da shi Tawa, a can ya shiga lakwal. Wannan zama na ƙasar Adar ya yi masa rana daga baya. Yawancin ƴan bokon farko na Nijar mutanen yamma ne, ƴan bakin kogi, alhali mafi yawan jama'ar ƙasa da gyaɗa da kasuwanci suna tsakiya da gabas, daga Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram. Jibo ya tashi yana jin Hausa, ya san yadda ake magana da Bahaushe a tasha da kasuwa, abin da ba kowane ɗan siyasar Yamai ya iya ba.

Daga nan ya wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa take horar da malaman makaranta da akawuna na duk Afirka ta Yamma. Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa da Modibo Keita na Mali da Bubu Hama da Jori duk ta nan suka bi. Da ya gama ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni, sannan a Agadas, daidai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Zamani ne mai tsanani ga talaka. Akwai aikin dole na gina hanya da ɗaukar kaya, akwai karɓar hatsi da dabbobi da sunan taimakon yaƙi, akwai lampo, kuma kwamandan yana da ikon kulle mutum ba tare da alƙali ya saurare shi ba. Mutanen bakin iyaka suna da mafita guda: in abin ya yi zafi su tattara su tsallaka ƙasar Sakkwato har ƙura ta lafa. Malamin makarantar da ya zauna Ƙonni a waɗannan shekaru ba sai an ba shi labarin zalunci ba, yana ganinsa daga ƙofar aji.

Jam'iyya ɗaya ta rabu biyu

Ƙarshen yaƙi ya buɗe ƙofa. A 1946 majalisar Faransa ta soke aikin dole, aka daina hukuncin kwamandan na ba shari'a, aka kuma yarda ƴan Afirka su kafa jam'iyyu. A watan Mayu na shekarar aka kafa PPN a Yamai, wadda ta zama reshen Nijar na babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako cikin Oktoba. Jibo ya bar alli ya rungumi siyasa, ba da jimawa ba ya zama babban sakataren jam'iyyar. Jori yana Paris a matsayin ɗan majalisa, Jibo yana gida yana zagaya garuruwa yana kafa rassa. Gwamna Jean Toby, wanda ya riƙe Nijar daga 1942 zuwa 1954, bai ɓoye ƙiyayyarsa ga PPN ba. Ya goyi bayan kafa wata jam'iyya ta sarakuna da masu biyayya, UNIS, a 1948, ana kuma jefa ma'aikatan da suka shiga PPN can nesa da gida da sunan canjin wurin aiki.

Rabuwa ta zo a 1950. A majalisar Paris ƴan RDA suna ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, wannan kuwa shi ne hujjar da gwamnoni suke kafawa wajen murƙushe su. Houphouët-Boigny ya ga cewa tsadar ƙawancen ta fi ribarsa, sai ya yanke shi ya nemi sulhu da gwamnati. Jori da Bubu Hama suka bi shi. Jibo ya ƙi, yana ganin an sayar da gwagwarmaya, ya fita daga jam'iyyar da shi ya yi mata wahala.

Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne cikin ƙungiyoyin ƙwadago, yana tara leburori da ƙananan ma'aikata don neman ƙarin albashi da aiki da dokar ƙwadago da Faransa ta zartar a ƙarshen 1952. A 1954 ya kafa tasa jam'iyyar, UDN. Ita ce jama'a suka riƙa kira Sawaba, sunan da ƴan NEPU na Malam Aminu Kano suka riga suka yaɗa a Arewacin Najeriya tun 1950. Alamarta raƙumi ce, ta PPN-RDA kuwa giwa.

Su wa suka bi raƙumi?

Ba a fahimtar hawan Jibo ko faɗuwarsa sai an san mutanensa. Ƙarfin PPN yana wurin malaman makaranta da manyan akawuna, ƙarfin UNIS da magadanta yana fadar sarakuna. Sawaba ta samu nata jama'ar a wani wuri dabam: direbobi da yaran mota, ƴan kamasho, teloli, mahauta, kafintoci da magina, ƴan tebur, masinjoji da ƙananan ma'aikatan gidan waya, leburorin kamfanonin sayen gyaɗa, matan da suke zaman kansu a birane, da bayin da suka baro iyayengijinsu suka shigo gari neman na kansu. Mutane ne da suka bar ƙauye amma ba su zama manyan birni ba. Sun ga duniya gwargwado, sun je Kano ko Kumasi ko Abijan cin rani, sun dawo ba sa jin tsoron dogari kamar iyayensu.

Irin waɗannan mutane suna da abin da jam'iyya take buƙata a ƙasar da jarida ba ta kai ƙauye ba kuma rediyo yana hannun gwamnati: kullum suna kan hanya. Babbar motar da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ta rabu a Tsarnawa ko dai ta yi arewa zuwa Tawa ko ta miƙe Madawa da Maraɗi, tana ɗauke da kaya da fasinja da labarin jam'iyya. Tela yana ɗinki ana hira a shagonsa, ɗan kamasho ya san wanda ya sauka da wanda ya hau. Da haka Sawaba ta kafu a garuruwan kan hanya da kasuwannin gyaɗa, musamman Damagaram da Tasawa da Maraɗi, ta kuma fitar da jagorori daga cikin ƙasar Hausa, irin su Usman Ɗan Galadima na Madawa da Abdullahi Mamani na Damagaram, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarauniya.

Raunin ma a nan yake. Mutanen tasha da kasuwa suna da murya da zafin nama, amma ba su da yawa. Mafi yawan masu ƙuri'a manoma ne da makiyaya a ƙauyuka da rugage, kuma a wancan zamani ƙuri'ar ƙauye tana bin bakin mai gari, mai gari yana bin sarkin kanto, sarkin kanto kuwa kwamandan ne yake iya naɗa shi ko tuɓe shi. Jam'iyyar talakawa ba ta iya cin zaɓen ƙasa baki ɗaya sai ta sami sarakuna a gefenta. Jibo ya gane haka, kuma ya yi abin da lissafi ya nuna.

Magajin garin Yamai

A watan Yuni na 1956 Faransa ta zartar da dokar da ake kira ta Defferre, da sunan ministan ƙasashen mallaka na lokacin. Dokar ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, ta kuma tanadi ƙaramar gwamnati a kowace ƙasa. Kafin a kai ga haka aka yi zaɓen gari a ƙarshen 1956. Jibo ya haɗa kai da jam'iyyar BNA ta Isufu Saidu Jarmakwai da Georges Condat, wadda ta gaji yawancin sarakunan UNIS, da goyon bayansu ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Jam'iyyun biyu suka narke suka zama reshen Nijar na MSA, ƙungiyar ƴan gurguzu mai dasawa da jam'iyyar da ke mulki a Paris a lokacin.

Haɗin ya ba mutane da yawa mamaki, don an ga ɗan kamasho da ɗan sarki a inuwa ɗaya. Amma ya yi aiki. A zaɓen majalisar ƙasa na 31 ga Maris 1957 suka ci kujera 41, PPN ta tashi da 19. Condat ya zama shugaban majalisa, a watan Mayu kuma Jibo ya kafa gwamnati yana da shekara 35.

Mulkin da ba a saki ba

Muƙamin da Jibo ya hau sunansa mataimakin shugaban majalisar gwamnati. Shugaban shi ne gwamna Bafaranshe, wanda Paris take naɗawa. An raba ayyuka gida biyu. Noma da kiwo, asibitoci, makarantun firamare, hanyoyi da ƙananan ma'aikata an bar wa ministoci ƴan ƙasa. Soja da tsaro, kuɗin da ake kashewa a ƙasa, kwastan, manyan kotuna da hulɗa da ƙasashen waje sun zauna a hannun Faransa. Kwamandojin da ke Ƙonni da Tawa da Madawa da sauran garuruwa, waɗanda su ne gwamnati a idon talaka, Faransawa ne kuma ga gwamna suke kai rahoto. Abin ya yi kama da direban da aka miƙa wa sitiyari, amma takardun mota da kuɗin mai suna aljihun mai motar, shi kuma yana zaune a gefe. Muddin hanyar da direba ya ɗauka ta yi wa mai mota daɗi, tafiya lafiya lau. A ƙarshen Yuli 1958 an canza sunan muƙamin ya koma shugaban majalisar gwamnati, amma rabon iko bai canza ba.

Cikin wannan ɗan fili gwamnatin Jibo ta yi ƙoƙarin sa ƴan ƙasa a guraben da Faransawa suka saba riƙewa, ta kuma sa hannu a sha'anin sarauta, ta dakatar da wasu sarakunan kanto ta tuɓe wasu. Magoya bayanta na birni sun yi murna, don abin da suka daɗe suna jira ke nan. Sarakunan da suka kawo mata ƙuri'a a 1957 kuwa suka fara tambayar kansu ko ba su yi kiwon abin da zai cinye su ba. A ɗaya gefen gaba da PPN ta ƙi sanyi, har aka yi arangama tsakanin magoya bayan jam'iyyun biyu a Yamai cikin Afrilu 1958. Adalci ne a faɗi cewa Sawaba ma ba ta yi wa abokan hamayyarta sassauci ba lokacin da take sama, kuma waɗanda aka taka a lokacin sun riƙe abin a zuciya.

I ko a'a

A watan Yuni na 1958 rikicin yaƙin Aljeriya ya dawo da Janar De Gaulle kan mulki a Faransa. Ya kawo sabon tsarin mulki, ya ce kowace ƙasar mallaka ta zaɓa ranar 28 ga Satumba. Wadda ta ce i za ta sami mulkin cikin gida a cikin tarayya da Faransa, tsaro da kuɗi da harkokin waje suna Paris. Wadda ta ce a'a ta sami ƴancin kai nan take, amma kada ta sa ran ko sisin Faransa.

A ƙarshen Yuli jam'iyyun da ba na RDA ba suka yi babban taro a Kwatano ƙarƙashin sabuwar inuwa mai suna PRA, Jibo ne babban sakatarenta, taron kuma ya tashi da kiran ƴancin kai ba tare da jinkiri ba. Da lokaci ya matso, yawancin waɗanda suka yi wannan kira suka ja da baya, har da Senghor na Senegal. Shugabannin gwamnati biyu kawai suka tsaya a kan a'a a duk Afirka ta Yamma ta Faransa: Seku Ture a Gine da Jibo Bakari a Nijar.

Lissafin Jibo ba na wauta ba ne. Gana ta sami ƴanci tun 1957, Najeriya tana kan hanya. Kasuwancin ƙasar Hausa ta Nijar da ma kudu yake fuskanta, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin jirgin ƙasa daga Kano zuwa teku, shanu da mutane suna tsallaka iyaka kullum. Yana ganin ƙasar da take da irin waɗannan maƙwabta za ta iya rayuwa ko Faransa ta juya baya. Abin da lissafin bai auna da kyau ba shi ne Najeriya tana hannun Ingila har 1960, kuma gwamnatin Sardauna a Kaduna ba ta da dalilin taimakon abokin NEPU.

Ita kuwa Faransa tana iya haƙura da Gine, amma Nijar dabam ce. Tana da doguwar iyaka da Aljeriya, inda sojan Faransa suke yaƙi tun 1954. A 1957 Paris ta kafa hukuma ta musamman don riƙe yankunan Sahara da arzikin da ke ƙarƙashinsu, kuma an fara ganin alamun yuraniyom a ƙasar Agadas. Nijar mai ƴanci a ƙarƙashin ɗan gurguzu tana iya zama hanyar kai wa mayaƙan Aljeriya makamai. Saboda haka a ƙarshen Agusta aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, da aiki guda: a ci zaɓe.

Colombani ya yi amfani da duk abin da dokar 1956 ta bari a hannun gwamna. Kwamandoji suka shiga ƙauyuka suna yi wa i kamfe, aka ƙara yawan soja ana yawo da su inda jama'a za su gani, aka ba ɓangaren i motoci da kuɗi, aka takura wa ƴan Sawaba zirga-zirga a karkara. Sarakuna aka tuna musu waɗanda aka tuɓe, aka nuna musu Gine, inda Seku Ture ya soke sarautar kanto ɗungurungum a ƙarshen 1957. Jarmakwai da Condat da sauran tsoffin ƴan BNA suka fice suka koma wajen i. Cikin makonni kaɗan haɗin da ya kawo kujera 41 ya warware, Sawaba ta koma ga mutanenta na asali, ƴan tasha da kasuwa.

Sakamakon da aka bayyana ya ba i kusan kashi 78 cikin 100, a'a kashi 22, wato ƙuri'a dubu 372 da ƴan kai a kan dubu 102. Waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba, wanda ya nuna mutane da yawa sun zaɓi zama a gida. A Gine, inda jam'iyyar Seku Ture ta riga ta karɓe ƙauyuka daga hannun sarakuna, a'a ta haura kashi 90, ƙasar ta sami ƴanci ranar 2 ga Oktoba. Bambancin ƙasashen biyu ke nan a taƙaice: Seku Ture ya shiga zaɓen da ƙauye a hannunsa, Jibo ya shiga da ƙauyen aro. Masanin tarihi Klaas van Walraven, wanda ya yi shekaru yana hira da tsoffin ƴan Sawaba, yana ɗaukar abin da ya faru a matsayin juyin mulki na farko a Afirka ta zamani, kuma duk wanda ya dubi yadda gwamnan da aka naɗa ya kayar da gwamnatin da aka zaɓa zai ga dalilinsa.

Daga kujera zuwa hijira

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A watan Oktoba gwamnatin Jibo ta sauka. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba, haɗin gwiwar PPN da sarakuna ya sami kujera 49, Sawaba 11, sannan aka soke sakamakon wasu mazaɓun da Sawaba ta ci, har da Damagaram. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka ayyana Jamhuriyar Nijar, Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama shugaban majalisa. Ranar ce ake biki har yau. A watan Oktoba na 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta koma ta jam'iyya ɗaya tun kafin a sauke tutar Faransa. Jibo ya riga ya fita zuwa Bamako, daga baya ya koma Gana wurin Kwame Nkuruma. Ƴancin da ya nema a 1958 aka hukunta shi a kansa, shi Faransa ta miƙa wa abokan hamayyarsa bayan shekara biyu.

A cikin gida ƴan Sawaba suka koma aiki a ɓoye. Ana kama su, ana korar su daga aiki, wasu suka tsere Kano da sauran garuruwan Arewacin Najeriya inda ƴan NEPU suke ba su masauki. Jam'iyyar ta tura ɗaruruwan samari karatu ƙasashen gurguzu, wasu kuma koyon aikin soja a Sin da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa da Gana.

Kakar 1964

A ƙarshen Satumba da cikin Oktoba na 1964 ƙananan ƙungiyoyin mayaƙan Sawaba suka tsallako iyaka ta wurare da dama, daga yammacin kogi har Boso a bakin tafkin Cadi. Ƴan ɗaruruwa ne, da ƙananan bindigogi. Shirin ya dogara ne ga zaton cewa jama'a sun gaji da mulkin RDA, da sun ga ƴan Sawaba za su tashi su mara musu baya. Gajiyar gaskiya ce, amma tashin bai faru ba. Gwamnati ta riga ta sami labari, Faransa tana taimaka mata da bayanan sirri da masu ba da shawara, an kuma kafa ƴan banga na jam'iyya a ƙauyuka. Manomin da ya ga baƙi da bindiga a bakin gonarsa lokacin girbi ya san abin da zai same shi in aka ce ya ba su ruwa.

Ƙasar Ƙonni ta ga nata rabon. Ɗanduna Abubakar, ɗaya daga cikin manyan jagororin ƙungiyar, ya shigo ta wannan yanki, aka rutsa da shi a wani ƙauye kusa da Birnin Ƙonni aka kashe shi, aka kai gawarsa Yamai aka ajiye a fili don jama'a su gani. Ranar 13 ga Oktoba aka harbe mutum 4 a bainar jama'a a babban birnin. Cikin ƴan makonni an gama da harin. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla a Yamai, wani ɗan Sawaba mai suna Amadu Diop ya jefa gurneti inda Jori yake salla. Shugaban ya tsira, wani yaro ya mutu, wasu suka ji rauni. Kame ya ƙaru, dubban mutane suka shiga hannu, da waɗanda suka ɗauki makami da waɗanda laifinsu kawai an san su da raƙumi tun 1957, wasu kuma ba su fito da rai ba.

Zaluncin da aka yi wa Sawaba a 1958 ba ya wanke shugabanninta daga alhakin 1964. Sun tura samari cikin ƙasar da suka bari shekara biyar, bisa labarin da masu son faranta musu rai suke kai musu, kuma talakawan da suka rage a gida su suka biya mafi yawan kuɗin. Jefa gurneti a filin idi kuwa ya kashe wa jam'iyyar sauran tausayin da take da shi a zukatan mutane da yawa. Da aka hamɓarar da Nkuruma a watan Fabrairu na 1966, Sawaba ta rasa babban masaukinta, Jibo ya ƙare a Konakiri wurin Seku Ture.

Dawowa gida

Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kunce suka kifar da Jori, suka saki fursunonin siyasa, suka ce ƴan gudun hijira su dawo da sharaɗin barin siyasa. Jibo ya dawo bayan shekara 15 a waje. Bai jima da dawowa ba, a Agusta 1975, aka kama shi tare da Manjo Sani Suna Siddo, mutum na biyu a gwamnatin soja, bisa zargin shirya juyin mulki. Aka kai shi Ngigmi, can ƙarshen gabas. A waɗannan shekaru ƴan Sudure biyu da suka raba ƙasa tsakaninsu duk suna tsare a hannun soja. Sai a cikin shekarun 1980 Jibo ya sami cikakken ƴancinsa.

Da taron ƙasa na 1991 ya dawo da jam'iyyu, an sake ɗaga tutar Sawaba, amma ta rabu gida biyu, kuma yawancin masu zaɓe ba a haife su ba lokacin da raƙumi yake tashe. Jibo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a zaɓen Fabrairu 1993 yana da shekara 70 da ɗoriya, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Mahaman Usman ne ya ci a zagaye na biyu. Jibo Bakari ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Shekaru da yawa littattafan makaranta ba su ba shi fiye da layi ɗaya ko biyu ba. A zamanin shugaba Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, aka sa sunansa a sabuwar gadar da aka gina kan kogin Kwara a Fariye.

Kujerar da Jibo ya bari a 1958 ɗan'uwansa ya riƙe ta shekara 15 da ƴan watanni. Babi na gaba zai bi Jori Hamani tun daga ranar 18 ga Disamba: yadda ya gina mulkin jam'iyya ɗaya a kan sarakuna da kwamandoji, cinikin da ya yi da Faransa a kan yuraniyom na Arlit, da farin farkon shekarun 1970 wanda ya buɗe wa soja ƙofa.